Na Farko Na Mai Gurbi Ne

Da la'asar sakaliya Eladio Millacura ya sake ɗaura wa dokinsa sirdi, ya jefa gwangwanin fatsa a jaka. Bai ce wa kowa ga inda za shi ba. Duk gidan an sani, an kuma san yadda ya dawo jiya da shekaranjiya.

Matarsa Zunilda na da tsohon ciki. Sun sha ganin ciki ya zube tun bai kai haka ba, shi ya sa ake lallaɓa ta kamar ƙwai. Ana nan sai kwaɗayi ya taso mata, wai ita kifin turuca take so. Ba salmon na keji da ake sayarwa a gari ba. Turucar kogi, mai ɗigon ja a haƙarƙari, a soya ta da man shanu. A wannan yanki ba a wasa da kwaɗayin mai ciki. Tsofaffi sun ce in ba a biya shi ba, ɗan ne ke yin fushi ya koma. Eladio ya yi makaranta, ya san abin da malamar asibiti za ta ce a kan wannan. Amma ba malamar asibiti ce ta haƙa 'yan ramukan da ke gindin itacen tuffa a bayan gidansa ba.

Surukarsa Doña Fresia na zaune kusa da murhu tana zuƙar shayin mate. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yau ma cokalin naka za ka kai wanka?"

"Kifi ba ya ci, Doña Fresia. Ruwa ya yi sanyi."

"Marigayi mijina ruwan na ƙanƙara yake ciro su. Da hannu ɗaya. Ɗayan na riƙe da taba."

"Mama, ki ƙyale shi," in ji Zunilda daga kan gado. "Tsoho, in babu ka dawo kafin duhu. Ni na haƙura."

Ta faɗa tana haɗiyar yawu. Wannan ya fi masa zafi da bakin uwar.

Abin haushin shi ne, ba a yi masunci kamarsa a kwarin nan ba. Da gwangwanin da ubansa ya bar masa yake kamu, zare naɗe a jikinsa, katako a gicciye a ciki don riƙo, a bakin zaren kuma tsohon cokali mai ƙugiya. Ya san inda turuca ke laɓewa in rana ta yi zafi, da inda take fitowa kiwo in iska ta kwanta. Sai dai wuraren nan duk sun zama na wasu. Mashigar tafki, lanƙwasar da ke ƙarƙashin gada, tsibirin yashi, kowanne yanzu da shingen waya da allon hana shiga. Wani masaukin baƙi ya saye bakin ruwan. Abin da ya rage wa 'yan gari an tatse shi tun farkon kaka.

A ƙofar wayar ya tarar da Belarmino, abokinsa na ƙuruciya, wanda yanzu yake gadi a wurin. A can cikin kogi wani dogon baƙo ya kamo turuca kamar cinyar mutum. Ya ɗaga ta aka ɗauke shi hoto, ya sumbace ta, ya mayar da ita ruwa.

Eladio ya dafe kai.

"Kumpa, abokina, dubi abin da nake nema tun makon jiya. Sumbatarsa yake yi!"

"Kullum haka suke. Ka ga kuwa da dare naman tunkiya suke ci."

"Buɗe min. Jifa ɗaya, in tafi."

"Ka rufa min asiri, kumpa. Mai wurin na nan, ga shi can da madubin hange." Belarmino ya sosa ƙeya. "Ka gwada ƙasan injin katako?"

"Tsohon takalmi na ciro."

"To sai dai Gurbin Shiru."

Da wasa ya faɗa. Da ya ga Eladio bai yi dariya ba, sai shi ma ya daina.

"In har za ka, ka san ƙa'ida. Ka yi sallama, ka barbaɗa soyayyen gari. Na farko kuma ba naka ba ne."

"Kaka ce ta rene ni, ba sai ka koya min ba."

Kowa ya san ƙa'idar. Kowane ruwa da mai shi, kuma mai wancan gurbin ba ya yafe haƙƙinsa. Duk abin da ya fara kama ƙugiya, babba ko ƙarami, a cire shi da rai a mayar. Na biyu zuwa sama naka ne. Mutane sun daina zuwa, don ba kowa ke yarda da zuciyarsa ba in ya ga kifi a hannu.

Hanyar ta bi ta cikin kurmi. Ganye ya yi ja, ƙasa ta jiƙe, kofaton doki ba ya ƙara. Tsuntsun nan cukawo ya yi kuka a cikin gora, ta hannun hagu. Da kakarsa ce da ta juya gida. Eladio ya tsuke baki ya zunguri doki.

Wari ne ya fara tarbarsa.

Lokacin hawan salmon ne. Sun taso daga teku sun zuba ƙwai, yanzu suna mutuwa a tsaye. Ga su nan a gefen ruwa, manya kamar 'yan maruƙa, fatarsu ta yi fari tana saɓulewa, idanu sun dushe, amma wutsiya na motsi. Ko kare ba ya cin su. A tsakiya kuwa gurbin na nan baƙi wuluk, ko kumfa babu.

Ya laluba jaka. Babu gari. Ya bar shi a kan tebur garin gudun bakin Doña Fresia.

"A yi min izini," ya ce a gaggauce, kamar mai gaida maƙwabcin da ba ya so.

Ya wulwula cokali ya jefa. Zare ya zubo daga gwangwani, ya naɗo. Babu. Ya sake. Babu. Ya koma kan dutse, ya koma gindin kututture. Zare ya harɗe, ya zauna yana warwarewa da yatsun da sanyi ya ƙage, yana zagin zaren da wanda ya saida masa. Rana ta faɗa bayan dutse. Hasken da ya rage bai fi na 'yan jifa ba.

Sai gwangwani ya kusa fita daga hannunsa.

Ya ja, ta ja. Zare ya yanke masa yatsa bai ji ba. Da ya fito da ita kan tsakuwa sai ya durƙusa. Turuca ce, tsawon damtsensa, ɗigon jan nan na sheƙi a ragowar haske. Daidai wadda Zunilda ta kwatanta.

Ya cire ƙugiya. Ya riƙe ta a bakin ruwa, tana numfashi a tafinsa.

Ya dubi sama. Duhu na sauka. Ya tuna fuskar surukarsa, ya tuna itacen tuffa.

"Ta biyu zan ba ka," ya ce wa gurbin. "Ai duk kifi ne."

Ya buga mata ƙotar wuƙa a ka.

Kogin ya yi shiru.

Ba raguwa ƙarar ta yi ba. Ɗaukewa ta yi gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa. Ruwa na gudu a kan duwatsu, yana ganinsa da idonsa, amma babu sauti. Salmon da ke gefe duk sun juyo da kawunansu wajensa.

Bai tsaya neman ta biyu ba. Ya cusa kifin a jaka ya hau doki.

Sun ɗan taɓa tafiya a kurmi sai ya ji shi. Wani abu a baya, kamar ana jan jiƙaƙƙiyar fatar saniya a kan tsakuwa. Ya ja linzami. Abin ya tsaya. Ya saki. Abin ya ci gaba.

Warin ya biyo su. Ya ma fi na bakin ruwa.

A inda kurmi ya ƙare, doki ya toge. Jikinsa na rawa, kunnuwa sun kwanta. Daga nan ana hango kwarin duka, da fitilar gidan Eladio ita kaɗai a kan tudu.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

A gefensa na hagu.

Bai so ya duba ba. Wuyansa ne ya juya da kansa.

Tsoho ne, ko tsohuwa. Gajere, lulluɓe da bargo baƙi da ruwa ke tsiyaya daga gezarsa. Fatar fuskar fara ce, tana saɓulewa a kumatu. Idanun ba su da fatar rufewa.

Eladio ya ƙanƙame jaka, yana jira a miƙo hannu.

Ba a miƙo ba. Ko kallon jakar abin bai yi ba. Ya wuce ta gaban doki a hankali, yana jan ƙafa, ya kama hanyar tudu. Fitilar yake kallo.

"Ina za ka?" Muryar Eladio ta fito kamar ta yaro.

Amsar ta zo ƙasa-ƙasa, kamar ruwa na shiga tulu.

"Ka ɗauki na farkona. Zan ɗauki naka."

Bai san lokacin da ya faɗo daga sirdi ba. Ya ruga, ya zame a laka, ya tashi, ya sha gabansa. Ya zaro kifin ya miƙa da hannu biyu.

"Ga ta. Ga ta, don Allah."

"Matacciya."

"Ɗauki dokin."

Abin ya ratse shi ya ci gaba. Duk inda ya taka sai ruwa ya taru.

"Tumakina! Gonar duka!"

Ɗis. Ɗis.

Har an fara jin haushin karen gidan. Can sai karen ya yi shiru.

Eladio ya sake shan gabansa, ya zube a kan gwiwa. Babu abin da ya rage a jakar sai gwangwani. Ya fito da shi. Katakon riƙon ya yi santsi da tafin ubansa da nasa.

"Wannan. Da hannun da ke jefa shi. Ba zan ƙara sa ƙugiya a ruwa ba, naka ko na wani, har in mutu. Ka bar min ɗana."

Abin ya tsaya.

Ya daɗe a tsaye. Idanun nan marasa ƙiftawa suka bar fitilar, suka sauko kansa.

Hannu ya fito daga bargo, ya karɓi gwangwanin, ya karɓi kifin. Yatsun suka shafi bayan hannun Eladio, sanyin ya ratsa shi har haƙori. Ya ga turucar da ya fasa wa kai ta buɗe baki, ta kaɗa wutsiya, ta shige cikin bargon.

"Ranar da ka jefa ƙugiya," in ji muryar, "zan zo."

Sai ƙarar kogi ta dawo gaba ɗaya, daga nesa, kamar an buɗe ƙofar da aka rufe. Babu kowa a hanya. Sai laka da wari.

Da ƙafa ya ƙarasa gida, doki ya riga shi. Ya tarar da Zunilda zaune a bakin gado tana cin burodi da man shanu, fuskarta jiƙe da hawaye, tana dariya.

"Tsoho, zo ka ji. Tun faɗuwar rana ɗan ya daina motsi, na yi ta kiran Mama. Yanzun nan ya harbe ni." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ba ka samo ba ko? Bar shi. Ni ko warin kifi ba na son ji yanzu."

Doña Fresia ta buɗe baki za ta yi magana. Sai idonta ya sauka a bayan hannunsa, inda shatin yatsu ya fito fari fat. Ta dubi jakar, ta ga babu gwangwani. Ta rufe bakinta. Ta cika ƙoƙon mate ta miƙa masa.

Mace aka haifa, lafiyayya, mai ƙarar murya. Suka sa mata Ayelén.

Eladio ya koma aikin shinge da sausayar tumaki. Mutanen kwari suka yi ta tsokanarsa, wai mace ta raba shi da kogi. Belarmino kaɗai bai taɓa tambaya ba. Bayan 'yan shekaru masaukin baƙin ya rufe, wayar ta ruɓe ta faɗi, wuraren kamun nan duk suka dawo na kowa. In zai ƙetare gada da yamma, turuca kan yi tsalle a ƙarƙashinsa, manya-manya, har ruwa na fallatsar masa takalmi. Yakan tura hannuwansa cikin aljihu ya ƙara sauri.

Kowace kaka kuma, in salmon suka fara mutuwa a gefen ruwa, yakan riga kowa tashi ya buɗe ƙofa. Gwangwanin na nan a kan dakali, jiƙe sharkaf, an naɗe zaren tsaf, an goge cokalin yana ƙyalli. Yakan ɗauke shi da tsumma, ya hau doki, ya kai shi Gurbin Shiru ya sake shi a ruwa, ya dawo kafin a hura wuta.

Bana ya makara. Da ya buɗe ƙofa ya tarar da Ayelén tsugune a dakali cikin rigar barci, 'yan yatsunta a cikin gwangwanin, riƙe da katakon daidai yadda ake riƙe shi.

"Baba," ta ce, "tsohon nan ya ce kai za ka koya min."