Usban Mai Jan Zare

Har yau a unguwarmu a birnin Sfax ana cewa Surayya ce ta ɗauke zoben Lalla Shadliya. Cikin masu faɗin haka babu wanda yake wurin. Na bi diddigin maganar, ga yadda aka yi.

Washegarin Layya, mata uku suna kicin suna ɗura usban: hanta, huhu, shinkafa da ganye a cikin tumbin rago, a ɗinke da allura. Kamar kullum, sun tuɓe zobbansu sun zuba a kofi. Da aka gama, na Shadliya, matar maigidan, babu. Ta datse ƙofa, ta kira 'yan sanda.

Insfekta Munsif ya same su cikin zafi da ƙarnin kayan ciki, ɗakin ko taga babu. An caje kowa, ba a ga komai ba.

"Si Munsif, bare ɗaya ce a nan," in ji Shadliya, ta nuna maƙwabciyarta Surayya da haɓa.

"Bare? Lokacin wankin hanji ai 'yar uwa nake!" in ji Surayya. Ta san in ta fita tare da ɗan sanda, babu gidan da zai sake buɗe mata ƙofa.

Insfekta ya leƙa faranti. Kowane usban da farin zare aka ɗinke shi, ban da guda ɗaya.

"Wannan mai jan zaren fa?"

"Na mijina ne," in ji Rafika, ƙanwar maigidan. "Likita ya hana shi hanta, shi ne na ware masa marar hanta."

Shadliya ta ja tsaki. "Usban ba hanta? Ai buhun shinkafa ke nan. Kuma wane likita? Jiya mijin naki ne ya share gasasshiyar hanta, ko yarana bai rage wa ba."

Insfekta ya miƙa hannu. "A ba ni wuƙa."

"Don Allah, Sidi..." in ji Rafika.

Ya farke ɗinkin. Hanta ta zubo, zobe ya biyo ta.

Rafika ta sulale ƙasa. "Na mahaifiyata ne. Ranar da ta rasu yayana ya zare shi ya ba matarsa. Duk Sallah sai na gan shi a kofin nan."

"Tashi, Lalla Rafika," in ji Insfekta. "Sauran a ofis."

Saboda mutuncin gidan, ta ƙofar baya Insfekta ya fita da Rafika. Surayya ta fita ta gaba tana kuka, unguwa na kallo.

Rafika ce ta ɗauki zoben. Surayya ko taɓa shi ba ta yi ba.