Ƙarar Gaban Motar Yaya

Ana cikin zafin rana aka buga waya ofis, wai mota ta danne bakanike a gareji. Sufeto ya ja Saje suka tafi. Tun daga bakin ƙofa Sufeto ya gane motar, don ko a mafarki ya san wannan tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Ta yayansa ce, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu.

Motar nan kuwa kowa ya san ta da ƙorafi. Da ta taka rami sai gabanta ya ce ƙwas-ƙwas kamar gwiwar tsohuwa. An canza shokazoba, an canza robobi, ƙara tana nan daram. Matar Yaya har cewa take kishin motar ya fi ƙarfinta, ta sallama.

An riga an zaro gawar an lulluɓe. Jak ɗin ɗaga motar yana kwance a gefe, tayar hagu a cire, ba ko guntun katako da aka tokare motar da shi.

Sufeto ya kira mai walda na kusa. "Wa ka gani tare da shi?"

"Ni? Ranka ya daɗe, fuskata na cikin gilashin walda, ko uwata ta wuce ban gani ba."

"Shi kaɗai yake aiki ke nan?"

Mai walda ya sosa ƙeya. "To... ƙarar gaba dai ba a nemanta mutum ɗaya. Wani na jijjiga motar daga sama, wani na ƙasa ya kasa kunne. Iyakar abin da na sani ke nan, kar a sa ni a ciki."

Saje ya zagaya gaban motar, sai ya tsaya cak. A kan bamba ga sawun takalmi, ƙato, dunduniyar dama ta cinye ta gefe ɗaya. Ya dubi Sufeto, ya yi maza ya mai da ido ƙasa. Sufeto ya sha goge takalman Yaya tun yana ɗan makaranta, ya san yadda mai su ke taka ƙasa.

"Yallaɓai, ko a ba wani aikin?"

"Wa za a ba? Mu je."

Sun tarar da Yaya a tsakar gida, ya sa kwano a gaba bai ko buɗe ba.

"Yaya, yaushe ka baro gareji?"

"Tun da safe. Na ajiye wa bakaniken makulli na taho."

Matarsa ta leƙo daga ɗaki, ita bakinta ba ya riƙe magana. "Wace safiya kuma? Ba yanzu ka shigo ba kana haki, riga duk baƙin mai?"

Sufeto ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Yaya, don Allah."

Yaya ya fashe da kuka irin na manya, mai ban tsoro. "Bakaniken ya girgiza tayar da hannu bai ji komai ba. Na ce masa sai an danna ta da nauyi take yi. Ya ɗora ta a jak ya cire tayar, ya ce bari ya nemo katakon tokarewa, na ce ɓata lokaci ne, ya shiga kawai. Na hau bamba ina tsalle. Ya ce, ‘Na ji ta! Ƙara ɗaya!’ Na ƙara."

"Sai ka gudu?"

"Na kama motar na ɗaga, wallahi na ɗaga har bayana ya amsa. Yana kiran sunana. Na fita neman mutane, ƙafafuna suka kawo ni gida."

Saje ya zaro ankwa, ya rasa yadda zai yi da ita. Yaya ya share fuska da hannun riga, ya miƙa hannuwansa wajen ƙaninsa.

"Kai za ka sa min. Ba bare ba."

Sufeto ya karɓa. Ya gwada rufewa, ƙarfen ya ƙi shiga. Yaya ne ya kama yatsunsa ya danna masa har ta rufe, sannan ya miƙe ya yi gaba, su biyun suna bin sa a baya.