Ƙofar Jirgin da Aka Ce Sabo Ne

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga sansanin sojan sama, wai an yi sata a rumfar jirage. Ba inji aka ɗauke ba, ba taya ba. Wani ɗan farantin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake sassaƙa lambar jirgi da shekarar ƙera shi a kai. Wurinsa ƙarƙashin kujerar matuƙi, a sabon jirgi mai saukar ungulu da gwamnati ta sayo.

Sufeto ya bar shayinsa bai shanye ba, ya ɗauki Saje suka tafi.

Sun tarar an riga an tsare Injiniya mai duba jiragen sansanin a wani ɗan ɗaki, an karɓe masa igiyar takalmi. Shi ne ya ƙi sa hannu a karɓi jirgin.

Sufeto ya ce, "Malam, an ce cin hanci ka nema wajen Ɗan kwangilar da ya kawo jirgin, da ya hana ka sai ka cire farantin don ka ɓata masa ciniki."

"Ranka ya daɗe, ni na ce a duba farantin! A gaban kwamitin sayen jirgin na faɗa, jirgin nan ba sabo ba ne. Da muka shiga sai ramukan kusoshi."

"Wa ke riƙe da makulli?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na ƙofar baya. Ƙofar matuƙi kuwa tun da aka kawo shi ta ƙi buɗuwa, mun yi mun gaji. Uwar 'ya'yana ba ta ma san ina nan ba. In aka kai ni kotun soja, shi ke nan."

Sufeto ya fita zuwa rumfar. Ya zagaya jirgin a hankali, hannu a baya. Kwaɗon ƙofar baya lafiya lau. Amma a ƙasan ƙofar matuƙi sabon fentin ya tsage, ya ɗan loɓa, tsohon fenti kore yana leƙowa.

"Saje, ƙofar da ba ta buɗuwa, me ya tsaga mata fenti?"

"Ƙila aljanu ne, Yallaɓai."

"To aljanin yana da gwiwa."

Ofishin Ɗan kwangila sanyi kamar cikin firji. Mutum ne mai fara'a da yawa, irin fara'ar da ba ta kaiwa ido.

"Sabo ne fil, Sufeto! Daga masana'anta sai nan. Yaron nan kwaɗayi ne ya kai shi."

"Kwamanda fa, shugaban kwamitin sayen? Yaya kuke da shi?"

"Sai dai a ɗakin taro. Ko gaisuwar kirki ba mu yi."

Yana magana yana juya makullin motarsa a yatsa. A jikin makullin akwai wata 'yar lamba ta tagulla mai fukafukai, duk ta goge saboda tsufa.

"Wannan fa? Ta yi kyau."

"A kasuwa na saya." Ya jefa ta aljihu da sauri.

A mota Saje ya ce, "Yallaɓai, ƙanin mahaifina sojan sama ne. Ba a sayar da lambar nan. Matuƙi ake bai wa ranar da ya fara tashi shi kaɗai."

"To matuƙin da ya ba da ita kyauta, ba ƙaramin amini ya bai wa ba."

Kwamanda dattijo ne mai furfura, ya bar tuƙi ya koma tebur. Ya karɓe su da girmamawa, har yana kiran Sufeto ɗana. A bangon bayansa akwai hotonsa yana saurayi, ya jingina da wani jirgi kore, lamba mai fukafukai a ƙirjinsa.

"Wannan jirgin yana ina yanzu, Baba?"

"Allah sarki. An sayar wa 'yan gwangwan tuntuni. Da shi na yi ƙuruciyata."

"Sabon fa, ka shiga?"

"Ko taɓa shi ban yi ba. Ni takardu nake dubawa."

Sufeto ya yi godiya, ya roƙi alfarma ɗaya: kwamiti ya hallara a rumfar, a kawo Injiniya da Ɗan kwangila, a rufe magana.

Da suka taru, Sufeto ya ce shi sai ya ga kujerar matuƙi ta ƙofarta. Ya sa Saje ya ja. Saje ya ja har hularsa ta faɗi. Wani ƙaton soja ya gwada, ya koma yana yarfe hannu. Rana ta yi zafi, kwanon rumfar ya ɗauki wuta, gumi ya jiƙa kowa. Sufeto ko a jikinsa.

"A kawo guduma da ƙarfen ɓanɓara," in ji shi. "A fasa ta."

Saje ya ɗaga guduma.

"Kai, kai! Za ka ji mata ciwo!" Kwamanda ya ture shi gefe. Ya dafa ƙasan ƙofar da gwiwa, daidai inda fentin ya tsage, ya ɗaga hannun sama, ya ɗan girgiza. Ƙofa ta buɗe kamar an shafa mata mai. Har ya shafa gefenta da tafin hannu, yadda ake lallashin dabba.

Sufeto ya matso kusa da Kwamanda.

"Baba," in ji Sufeto a hankali, "jirgin da ba ka taɓa taɓawa ba, wa ya koya maka halinsa?"

Kwamanda ya dubi gwiwarsa, fenti ya manne a wandon. Ya dubi Ɗan kwangila, wanda tuni ya fara ja da baya, sai da Saje ya riƙe masa riga.

"Ni na lanƙwasa ƙofar nan a wata saukar gaggawa," in ji dattijon. "Ɗan kwangila ne ya sayi jirgin a gwangwan, ya yi masa fenti, ya gina mini gida in ce sabo ne. Da yaron nan ya ambaci farantin, na zo na cire."

"Yana ina?"

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da shi, naɗe cikin hankici. "Ɗan kwangila ya ce in jefa a rijiya. Na kasa."

"Ka kasa jefar da ƙarfe, amma ka iya jefa ɗan mutane a kurkuku. Da 'ya'yan mutanen da za su hau shi fa?"

Kwamanda ya ba Sufeto farantin. Ya miƙa hannuwansa, Saje ya sa ankwa.

Injiniya ya durƙusa yana zura igiyar takalminsa. Sufeto ya miƙa masa wayarsa.

"Kira uwar yaran tukuna. Takalmin zai jira."