Gishiri da Gawayi a Gindin Katanga

Da hantsi ne, ruwan asuba ya ɗauke amma garin Ƙonni bai bushe ba, Zaidu mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya yi sallama a gidan Alhaji Abarshi, tsohon direba mai motocin albasa. Abin da ya fara gani wata budurwa ce a ƙofar madafa, ta ja da baya tana zungurar makunnin wuta da muciya.

"Bango kike tuƙa wa tuwo?" in ji shi.

"Taɓa shi da hannu in kai jarumi ne," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Hamdiyya ke nan, ɗiyar mai gidan.

Zaidu ba mai gaggawa ba ne. Ya kashe wuta daga mita, ya buɗe makunnin. Akwatin ƙarfe ne, bango ya sha ruwa, wayoyin sun tsufa. Ya gyara abin da zai gyaru, ya gaya wa Hajiya A'i, uwar Hamdiyya, cewa gidan ba shi da wayar ƙasa, ita ce mai janye kuran in ya ɓalle ya bi jikin ƙarfe. Alhaji yana Malbaza wajen lodi, Hajiya ta ce a yi.

Ya haƙa rami a gindin katanga, bayan tagar Hamdiyya. Ya kafa sandar ƙarfe, ya ɗaura mata waya, ya zuba gawayi da gishiri da ruwa, ya rufe. Aikin yini ɗaya ne, amma sai da ya kwana uku yana zuwa.

Rana ta huɗu saƙon Hamdiyya ya shigo salularsa: "Mai Kuran, yau da hannuna na kunna. Muciya ta koma aikinta."

Ya daɗe yana haɗa haruffa, don lakwal ɗinsa, wato karatun boko, bai yi nisa ba. "Madalla, Fitilata. Ki riƙa sa takalmi in hannunki da ruwa. Waya ina da ita da yawa, ke ko guda ɗaya gare ni."

Wata biyu suna haka, kawun Zaidu ya je neman iznin zance. To, akwai Muhsin, direban Alhaji, wanda Hamdiyya ta taɓa cewa ba ta so. Shi ya ga ana haƙa ramin nan. Ya sami Alhaji ya ce, "Ba ka yi mamaki ba, ɗiyar da ta ƙi kowa ta bi mai filaya cikin kwana ukku? A tona bayan tagarta."

Aka tona. Ga ƙarfe, ga gawayi, ga gishiri. Alhaji ya sa aka tumɓuke sandar, aka yanke wayar, ya aika wa kawun Zaidu cewa ba ya ba da ɗiya ga mai binne asiri.

Hamdiyya ta rubuto: "Baba ya ce sammu ka yi mini. Na ce in sammu ne, ya kama. Ya ƙara hasala. Mi za mu yi?"

"Ba ni da boka, Hamdi. Maganar aure mu bar ma Allah. Amma tunda an cire ƙarfen, kar ki taɓa makunni da hannu. Ki hwaɗa ma Hajiya."

Sau biyu Zaidu ya je don ya yi bayani, ba a bar shi ya wuce ƙofa ba. A kasuwa aka fara ce masa mai gishiri, wasu gidaje suka daina kiransa aiki. Ya ci gaba da harkarsa.

Ran wata Laraba aka wuni ana ruwa. Alhaji ya yi alwalar la'asar, ya shiga zaure ba takalmi, ya kai hannu ga makunni. Kuran ya fizge shi har ya zauna a ƙasa. Ya aika a kira Zaidu. Yana isowa Alhaji ya tare shi.

"Kai, mi ka bizne mini a gida da har ya biyo ni?"

Zaidu ya durƙusa. "Baba, in an ɗaura batir ga mota, waya nawa ake sa mai?"

"Biyu mana."

"Ta biyun ina take zuwa?"

"Jikin mota. In ta kwance ba ka ganin daidai."

"To gida ba shi da jikin mota, sai ƙasa. Ƙasarmu ko busassa ce. Gawayi da gishiri su ka riƙe mata laima."

Alhaji ya murza gwiwar hannu. Can ya ce, "Maida ƙarfen in gani."

Zaidu ya maida. Alhaji ya jiƙa yatsa a buta, ya cire takalmi, ya taɓa makunnin. Ya sake taɓawa. Fitila ta kama, ta mutu, ta kama.

"Shi ya sa aka ce a tambayi mai sana'a," in ji Hajiya daga bayan labule.

"Ke, wa ya tambaye ki?" Ya juya ga Zaidu. "Ka ce ma kawunka ya komo."

Muhsin, don kunya, ya nemi a maida shi jigila a layin garin Dogarawa, aka maida shi.

Bayan girbin gero aka ɗaura auren a ƙofar gidan. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka shafa. Hamdiyya ta turo saƙo daga ɗaki: "Ango Mai Kuran, an ce ka sa babbar riga. Kar ka tuntuɓe."

Ana rabon goro fankar rumfa ta tsaya, zafi ya taso. Zaidu ya naɗe hannun riga, ya jingina tsani da ginshiƙi, ya hau. Ƙasar wurin yashi ce, tsanin ya soma karkata. Alhaji Abarshi, yana tsakar gaisawa da baƙi, ya miƙa hannu ya riƙe tsanin, bai ɗaga kai ba. Ango ya ɗaure wayar fankar, ya sauko ya kauce ta ɗaya gefen don kunyar suruki, Alhaji kuma ya ci gaba da gaisuwarsa.