Wanda Anka Ci Shi Ka Biya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma ni mutum ce da ko gaisuwa zan yi a gaban manya sai muryata ta maƙale. Amma akwai ranar da na yi magana, ita nake so ku ji.

Bayan la'asar ne Baba ya sa aka fito da akwatin kayan sa-ranata, aka dire shi a tsakar gida.

"A maida musu kayansu," ya ce. "Ba ni ba da ɗiyata ga mai gidan caca."

Inna ta dafa bango. Ni kuwa ina kan keken ɗinkina, ƙafata ta tsaya cak.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ne. An rufe gidajen giya da na caca, kuma Babana, Malam Jibrin, yana cikin malaman da ake jin maganarsu a Ƙaura. A gefensa Yaya Faruku ne zaune, ɗan gwaggona ta Shinkafi, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ya taɓa cewa yana sona, na ce a'a.

Wanda ake kira mai gidan cacan Na'ibi ne. Gyaran talabijin yake yi kusa da tashar jirgin ƙasa, a kusurwar shagon kuma ya ajiye na'urar gem ta talabijin, samari na zuwa buga ƙwallo a cikinta. Riga ya kawo in ɗinka wa na'urar, daga nan muka saba. Ranar da ya fara zuwa zance na kasa cewa komai, sai ya miƙo mini wani ɗan ƙaramin gem mai batir, wanda bulo ke zubowa kana jerawa.

Shi ya buɗe mini baki.

Sauran 'yan mata ana yi musu hirar atamfa, mu gardama muke yi a zaure. Shi ya ce na'ura mai kaset ta fi amana, in ta ƙi sai ka hura mata iska ta tashi, mai faifai kuwa da ya ƙarzu ya mutu, sai ka sayi wani. Ni na ce a mai faifai ne 'yan ƙwallon suka yi kama da mutane.

"Wanda ya ƙera wasan bulon nan mugu ne," na ce masa wata rana.

"Mi ya yi miki, hasken idona?"

"Ba shi da ƙarshe. Duk iyawarka sai an ci ka."

"Da gangan ne, Rekiya. In kin gama, kin aje shi. So sukai ki riƙa cewa bari in sake... Ni ma ina ƙin halin nan nasu."

Wannan mutumin ne za a mayar wa kayansa.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baba... ba a maida su."

Inna ta zaro ido tana yi mini alamar in zauna. Ban zauna ba. Na je na durƙusa a gabansa.

"Rekiya, ke ce?" Baba ya dube ni kamar baƙuwa. "Faruku, gaya mata abin da kag gani."

"Wallahi, Kawu, ba don komai ba," Faruku ya ce a hankali. "Wucewa nikai nig gani. Biyu ka zama su buga. In an tashi, wanda anka ci shi ka biya."

"Kin ji," Baba ya ce. "Kowa ya zauna yana fatan aljihun ɗan'uwansa ya yi kuka, nasa ya tsira. In wannan ba caca ba ne, mine ne?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi.

"Baba, na'urar ce haram, ko biyan?"

Babana ba ya karkatar da ilimi ko da yana fushi.

"Na'ura roba ce da waya. Biyan ne. Da kuma sallar da ake bari ta wuce."

"To a ba ni zuwa Juma'a."

Faruku ya yi murmushi, ya ɗaga hannu. "Kawu, ba ya canzawa. Kowa ya san halinsa."

A nan idona ya sauka kan babban yatsansa. Fatar ta yi kanta, gefen ya tashi ya yi ruwa.

"Yaya Faruku, mi ya sami yatsanka?"

"Fartanya ce."

"Fartanya tafin hannu take ci." Na ɗaga nawa yatsan, kowa ya gani. "Irin wannan latsa gem ke kawo shi. Ni ma ina bugawa, Baba, a ɗakina. Amma nawa bai kai nasa ba. Mai wucewa ba ya samun wannan... Sau nawa anka ci ka, Yaya?"

Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi.

Faruku ya tura hannun cikin aljihu. Baba ya daɗe yana kallon aljihun.

"Juma'a," ya ce. "Akwatin kuma nan zai zauna, inda kowa zai gan shi."

Bayan magariba Na'ibi ya zo zaure. Na gaya masa komai, ina jiran ya ce to. Sai ya haɗe rai.

"Rekiya, daga Gusau har Kano haka akai. Ba ni na ƙirƙiro ba."

"Na sani."

"Wanda anka ci shi ka cewa a sake, don ya rama. Nan cinikin yake. In na ce kowa ya biya nasa, rabinsu sun tafi."

"Su tafi."

"Ki ci mi? Iska?"

"Ina da keke."

"Haba, masoyiyata..."

"Kar ka kira ni haka yau." Ban sauke ido ba. "Kai ka ce kana ƙin mai wasan bulo don ya gina abinsa kan bari in sake. Mi ya raba ka da shi? Shi ko ganin fuskar waɗanda yake ci ba ya yi. Kai kana gani."

Ya miƙe tsaye.

"Babanki ya ce mini ɗan caca, ke ma..."

"Na tsaya gaban Babana saboda kai, ni da ban taɓa ɗaga masa ido ba. Ba na fasa aurenka don maganar Faruku. Amma ba na cin tuwon da anka sayo da haushin yaran mutane."

Ya fita ko sallama bai yi ba.

Talata bai zo ba. Laraba ma haka. Akwatin na tsakar gida, kaji na hawa kansa, duk matar da ta shigo sai ta tambayi Inna lafiya. Na yi kuka a ɗaki har na gode Allah, amma ban aika masa kowa ba.

Ranar Alhamis Baba ya dawo daga sallar isha'i, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna yana cire takalmi. Da ita yake magana, amma da ƙarfi yadda zan ji.

"Na bi ta tasha da la'asar."

Na kasa kunne.

"Benci biyu, ɗaya babu kowa. Kowa kuma sai ya biya nasa kafin ya taɓa abin. Wani ya yi gardama, yaron ya nuna masa ƙofa. Ana kiran salla ya kashe janareta, ana tsakiyar wasa, suna ta ƙorafi." Ya yi gyaran murya. "Sahu ɗaya munka yi."

"To, Malam?" in ji Inna.

"To mi? A ɗauke akwatin ga daga hanya, kar in yi tuntuɓe."

Ban ƙarasa jin sauran ba, don an yi sallama a zaure. Na'ibi ne, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Rabinsu sun tafi," ya ce.

"Na ji."

"An ci ni, Rekiya. Kuma ni na biya."

"Kana son a sake?"

Ya yi dariyar da na kwana uku ban ji ba. "A'a. Yanzu ko zan iya kiranki da sunan?"

Na rufe fuska da mayafi. Kunyar da ta gudu ranar Litinin ta dawo gaba ɗaya.

"Kira," na ce.

Washegari da safe ni da kaina na ja akwatin zuwa ɗaki, na goge sawun kaji daga kansa. Sannan na ɗebi man kaɗanya a ɗan gwangwani, na ba Inna Kulsumu maƙwabciyarmu da za ta Shinkafi. Na ce ta kai wa Yaya Faruku ya shafa a yatsa, ya samu ya warke kafin ranar ɗaurin aure, don zai gaisa da mutane da yawa.