Ranar Da Auta Ya Tare Ƙofa

Tana zaune gaban keken ɗinkinta a falo, jikinta sai karkarwa yake, ko yawu ta kasa haɗiyewa. Mijinta, wanda danginsa ke kira Auta, ya taɓa goshinta ya zabura.

"Subhanallahi! Tashi mu tafi asibiti."

"Mura ce fa kawai, Yayana."

"Ban yarda ba! Da aka ɗora ki kan maganin maƙoƙon nan, ba cewa likita ta yi in zazzaɓi ya zo da ciwon maƙogwaro mu koma nan take ba?"

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ta ja shi gefe. "Maganin ne ya kusa ƙarar da fararen ƙwayoyin jininta, su ne sojojin da ke kare jiki. Mun dakatar da shi. Yanzu ko tari aka shafa mata, tana iya rasa ranta. Ban da 'yan dubiya."

Washegari sai ga Ummansa da babbar yayarsa a asibitin, Umma tana ta tari cikin mayafi. Auta ya sha gabansu, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Umma, ki gafarce ni, ba za ki shiga ba."

"Ni? Ni da na haife ka?"

"Ai dama na faɗa!" in ji Yaya. "Yarinya kullum magani, kullum asibiti! Ka sallame ta ka huta mana!"

Hawaye suka zubo masa, amma bai gusa ba. "Yaya, ba ita ta ɗora wa kanta ba. Umma, ki yi min duk hukuncin da kika so, amma tarin nan zai iya kashe ta."

Umma ta juya ta tafi.

Kullum da safe sai ya je gaishe ta, ta kawar da kai, ya koma wajen matarsa ya sa takunkumi yana ba ta ruwa a cokali. A hankali jinin ya farfaɗo, aka sallame ta.

A ranar, Umma ce ta tarbe su a gida. Ganin yadda surukarta ta rame, sai ta rungume ta tana kuka.

"Auta, da ka biye min, da da me zan dubi iyayenta? Allah Ya yi maka albarka."

Ƙauna ta gaskiya takan tsare amana ba tare da ta zubar da ladabi ba. Wanda ya jure fushin yau saboda gaskiya, shi ake sa wa albarka gobe.