Sirdin Keken Ango

Sufeto bai ko kurɓi shayinsa ba Saje ya leƙo ofis ya ce an tsinci gawa a ƙarƙashin tsohuwar gadar bayan gari. Ya ture kofin, ya miƙe yana dafe da gwiwarsa mai ciwo. Aikin nan ya daɗe da gundurarsa, don shi ba a kiransa sai mai afkuwa ta riga ta afku.

Gawar na kwance kan duwatsu, wani dogon saurayi ne, ƙeyarsa a fashe. Can gefe ga keke irin na masu doguwar tafiya, tayar gaba ta lanƙwashe, an ɗaure jakunkuna a kariyar bayansa, shaƙe da tufafi da bargo.

"Yallaɓai, na san shi," in ji Saje. "Malamin makaranta ne, bikinsa ya kusa. Ka ga kaya? Gudun aure ya zo yi, gada ta ce ba ta san zancen ba."

"Kai ma da ka samu hanya ai da tuni ka gudu," in ji Sufeto, ko murmushi babu.

Ya tsuguna ya dubi ƙafafun mamacin. Takalmin fata ne sabo fil, mai santsi, irin na zuwa taro. Ya girgiza kai.

"Wa ka taɓa gani ya kama doguwar hanya a keke da wannan a ƙafa?"

Kafin su isa gidan da ango da amarya suka kama haya, zancen ya riga su. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofa, ana ta ƙus-ƙus wai ango ya tsere. Bakin mutane dai ba ya jiran rahoton likita.

Amaryar, wata ma'aikaciyar jinya, tana zaune kan katifar da ko ledarta ba a cire ba, kwalaye sun kewaye ta. Allah sarki, ta yi kuka har hawayen sun ƙafe.

"Ƙanwata, sai haƙuri. Kun yi faɗa da shi?"

"Ko kaɗan, yallaɓai."

"Sabon takalmin da ke ƙafarsa fa?"

"Na biki ne. Yana matse shi, shi ya sa yake yawo da shi da safe don ya saki."

"Keken a ina yake kwana?"

"A shagon amininsa, mai gyaran agogo. Nan babu wuri."

Sufeto ya dubi falon, rabinsa fayau ba komai.

"Haba ƙanwata. Ɗakin nan ko garken kekuna zai ɗauka."

Ta sunkuyar da kai. Ita ce ta ce a fitar da keken. Tun suna samari shi da aminin nasa ba su da hutu sai a kan hanya, kuma sun daɗe suna shirin wata tafiya da ba za su tsaya ba sai sun ga teku. Aminin ya kafe sai an yi ta da zarar an gama biki.

"Na ce masa ya zaɓa, ko ni ko tafiyar. Ya fita bai ce mini uffan ba." Ta ɗago ta dube shi. "Yallaɓai, ba surutun mutane ke damuna ba. Ka gaya mini gaskiya, guduna ya yi?"

Sufeto ya ce zai bincika. Tausayinta ya kama shi, don ya san ko wace amsa ya kawo ba za ta ta da mamaci ba.

Shagon mai gyaran agogo ɗan ƙuƙut ne, daidai da mai shi, wani gajeren mutum da idanu jajur. Bango kuwa ko'ina hotunan tafiye-tafiyensu ne, nan suna kan tsauni, can suna faci a bakin hanya suna dariya.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Yau da safe. Ya zo ya ɗauki kekensa, ya ce auren ya fita ransa. Na ba shi baki har na gaji."

"Wane takalmi ne a ƙafarsa?"

"Wallahi ban lura ba."

Sufeto ya matsa kusa da wani hoto. Marigayin na tsaye riƙe da kekensa, sirdin ya yi sama can, da jan salatif naɗe a ƙarfensa.

"Wannan sirdi ko bene? Yaya mutum zai hau?"

Nan fa mai agogo ya ɗan farfaɗo, ka san an taɓo inda ke masa ƙaiƙayi.

"Kowa da tsayinsa, yallaɓai. Salatif ɗin nan alamarsa ce, ba ya yarda ta motsa. Mahayin gaske ba ya taka feda a kan sirdin da ba daidai da shi ba, in ya yi gwiwa za ta ba shi labari."

"Tawa gwiwar ta daɗe tana ba ni," in ji Sufeto. "Rufe shago ka raka mu ka tabbatar mana da keken."

A harabar ofis Saje ya jingina keken da bango. Sufeto ya nuna sirdin da yatsa. An sauke shi ƙasa sosai, jan salatif ɗin ya cukuikuye a bakin maƙalin, inda aka danna ƙarfen da ƙarfin tsiya.

"Ko faɗuwa ce ta sauke shi," in ji mai agogo.

"Faɗuwa ta kwance noti, ta sauke sirdi, ta sake ɗaurewa tam? Saje, riƙe masa. Malam, hau."

"Yallaɓai, keken mamaci ne."

"Hau na ce!"

Ya hau. Ƙafarsa ta sauka kan feda cif, kamar don shi aka ƙera keken.

"Sabo turken wawa," in ji Sufeto a hankali. "Dogon mutum ba zai hau wannan ba sai gwiwarsa ta doki haɓarsa. Da ƙafa ya je gadar nan. Kai ka kai keken daga baya."

Mai agogo ya zamo ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ban ma san na sauke shi ba. Hannuna ne ya yi."

"Faɗi sauran."

"Ya kira ni mu haɗu a gadar, nan muke hutawa kullum. Ya ce tafiya ta fasu, amaryarsa ya zaɓa. Wai ya bar mini keken kyauta. Kyauta, yallaɓai! Kamar mai sallamar ɗan aiki. Ni ba mata, ba ɗa, ba ɗan'uwa a garin nan, tafiyar nan kaɗai nake jira a duniya. Yana zaune kan bangon gadar, na ture shi. Wallahi ban yi nufin ya faɗa ba."

"Jakunkunan fa? Su ma hannunka ne?"

Ya ce, "Sun daɗe a shirye a shagona. Na so a ce ya gudu ya bar ta, ita ma ta ɗanɗana."

Saje ya saka masa ankwa. Wannan karon babu zolaya.

Amarya ta biyo su ofis, tana zaune kan benci a gaban kantar 'yan sanda lokacin da aka wuce da shi. Ba ta ko dube shi ba, Sufeto take kallo. Shi kuwa Sufeto ya so a ce wani ne zai faɗa mata.

"Bai gudu ba, ƙanwata. Ya je ne ya gaya masa an fasa tafiyar."

"Ni ya zaɓa?"

"Ke ya zaɓa."

Ƙarar ƙofar sel ta zo daga can ciki.

"Ashe ni na aike shi," ta ce.

Sufeto ya buɗe baki zai ce ba haka ba ne, amma ta riga ta miƙe. Ta tambaye shi inda za ta je ta karɓi gawar.